KUDANCIN KOGIN KADUNA: JARI, MASANA'ANTU DA MA'AIKATA



GABATARWA

Duk wanda ya taso daga tsakiyar Kaduna ya haye gada ya nufi kudu, zai shiga wani yanki wanda ya ƙunshi Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Kudenda da Sabon Tasha, har ya dangana da Gonin Gora a kan hanyar Abuja. Wannan yanki shi ne abin maganarmu a yau. Tun asali ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu, amma cikin shekara talatin kacal, watau daga 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar masana'antu a Nijeriya, har ana kwatanta Kaduna da birnin Mancesta na Ingila saboda yawan masaƙu. Bayan haka kuma, cikin shekara ashirin, yawancin waɗannan masana'antu suka rufe ƙofa. Tun daga 2016 kuwa an sake jin motsin masu zuba jari a yankin.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: me ke jawo jari zuwa wani wuri, me kuma ke zaunar da shi? Tambayoyi biyu ne a haɗe, kuma sau da yawa akan amsa ta farko a manta da ta biyu. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jawo mai jari bai kai zaunar da shi wuya ba, kuma masana'anta tana daɗewa ne gwargwadon zurfin saiwar da ta yi a gonakin ƙasa da hannun ma'aikatanta. Maganar ta shafi ɗaliban da ke nan, domin su ne masu neman aiki gobe. Ta kuma shafi ma'aikatan gwamnati, domin ta kan teburinsu takardun fili da na rangwamen haraji suke bi kafin a aza tubali ko ɗaya.

ABIN DA YA JAWO JARI

Mai jari ba ya zuwa wuri don ƙauna. Lissafi yake yi, kuma lissafin kudancin Kaduna ya tsaya ne a kan abubuwa biyar.

Na farko shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo da ya tashi daga Baro ya ratsa ta Kaduna ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Ikko, watau Legas, a 1912. Daga baya layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafancan ya zo ya haɗu da shi a kudancin kogin, inda babbar tashar mahaɗar take. Saboda haka duk wanda ya kafa masana'anta a Kakuri yana da hanyar zuwa tashoshin jiragen ruwa biyu, ga kuma kasuwar Kano a arewa.

Na biyu shi ne mulki. Gwamna Lugga ya zaɓi Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, aka taso daga Zungeru a 1917. A zamanin da gwamnati ce mai ba da fili da lasin da kuma wani kaso na jarin kansa, kusanci da ofishin Firimiya ba ƙaramar riba ba ce.

Na uku shi ne auduga. Ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato, watau Funtuwa da Malumfashi da Gusau da kewayensu, su ne gidan auduga a Nijeriya. Turawa sun kafa injinan gurza a waɗannan wurare tun farkon mulkinsu, da nufin kai audugar masaƙun Lankasha a Ingila. Kafin zuwansu ma, kaɗi da saƙa da rini sana'o'in kaka da kakanni ne a ƙasar Hausa. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da ƙetaren Sahara.

Na huɗu shi ne ruwa, domin wanke yadi da rina shi suna shan ruwa ƙwarai, ga kuwa kogi a bakin ƙofa. Na biyar shi ne kasuwa: miliyoyin mutanen Arewa masu bukatar akoko da alawayyo da atamfa, tun daga zanen goyo har zuwa likkafani.

Sai dai fa waɗannan abubuwa biyar sun daɗe a wurin ba tare da an gina masaƙa ba, gama manufar mulkin mallaka ita ce a fitar da ɗanyar auduga a shigo da saƙaƙƙen yadi. Abin da ya canza lissafin shi ne samun gwamnatin 'yan ƙasa a Jihar Arewa, wadda take da niyya, take kuma da kuɗi a hannu.

ZAMANIN MASAƘU

Kuɗin nan daga ina suka fito? Daga manomi suka fito. Hukumar cinikin amfanin gona ita kaɗai ke da ikon sayen auduga da gyaɗa domin fitarwa waje. Takan biya manomi farashin da ta yanka, ta sayar a kasuwar duniya, ta tara rarar. Da wani ɓangare na wannan rara ne gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta shiga haɗin gwiwa da kamfanin David Whitehead and Sons na Lankasha, aka gina masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya sani da KTL. Ta fara aiki a Kakuri a 1957, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya. Ina so ɗalibai su riƙe wannan batu: jarin farko na masana'antun Kaduna gumin manomin auduga da gyaɗa ne, ko da yake ba a rubuta sunansa a takardar hannun jari ba.

Da aka ga KTL tana cin riba, sai wasu suka biyo baya. Nortex ta zo a 1962. Kamfanin United Nigerian Textiles, watau UNTL, na iyalin Cha daga Hongkong, ya kafu a 1964, ya kuma bunƙasa har ya zama mafi girman masaƙa a ƙasar nan. Haɗin gwiwar wasu kamfanonin Japan ya kawo Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960. Wani zai tambaya, me ya sa mutanen Ingila da Japan da Hongkong, waɗanda ke da masaƙu a gida, suka zo suka gina a Kakuri? Amsar ita ce harajin kwastan. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan yadin da ake shigowa da shi. Wanda ya saba sayar mana da yadi daga nesa sai ya ga hanyar da ta rage masa ita ce ya tsallako katangar ya saƙa a cikin gida. Watau katangar haraji ce ta kira su, kuma za mu ga abin da ya faru ranar da katangar ta rushe.

Duk da haka, masaƙa tana da wata daraja wadda sauran masana'antun da suka biyo baya ba su kai ta ba. Sarƙarta doguwa ce, kuma kusan kowane zobe nata yana cikin ƙasa: manomi a Funtuwa, mai awo a kasuwar auduga, injin gurza, jirgin ƙasa, injin kaɗi da na saƙa a Kakuri, dillalin yadi a Kantin Kwari na Kano, tela a kowane gari. Irin audugar ma a Samaru ta Zariya ake inganta shi. Kowane fam da aka kashe a kan yadin Kaduna yakan ratsa hannaye da yawa kafin ya bar ƙasa, in ma ya bari.

A wannan zamani ne kuma aka sami kamfanin giya na Nigerian Breweries a Kakuri a 1963, da ma'aikatar ƙera makamai ta tarayya wadda aka kafa da dokar majalisa a 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina ta.

KUƊIN MAI DA MANYAN MASANA'ANTU

Bayan yaƙin basasa, musamman daga 1973 da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai Gwamnatin Tarayya ta zama babbar mai zuba jari. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ƙara wa gwamnatoci da attajiran gida kaso a cikin kamfanonin baƙi. Manyan ayyuka uku suka sauka a kudancin kogin.

Na farko shi ne kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, wanda jama'a ke kira Fijo. An yi rajistarsa a 1972, ya fara fitar da mota a Kakuri a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Ƙirar 504 ta zama motar gwamnati da ta babban ma'aikaci, akori-kura 404 kuwa ta zama jakin 'yan kasuwa. Na biyu shi ne kamfanin takin zamani na tarayya mai yin takin sufa, wanda ya fara aiki a 1976. Na uku, kuma mafi girma, shi ne matatar mai da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina a kan hanyar Kaciya, aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000.

Waɗannan ayyuka sun kawo albashi mai tsoka da horo mai inganci, ba a musun wannan. Amma mu dubi inda saiwarsu take. Sassan motar Peugeot a cikin akwatuna suke zuwa daga Faransa, har akwai lokacin da jiragen sama ne ke jigilarsu daga birnin Liyon zuwa Kano, sa'an nan a kawo su Kaduna a ɗaura. Dutsen da ake niƙawa a yi takin sufa daga Togo ake kawo shi. Ɗanyen man da matata ke tacewa ta bututu yake zuwa daga Warri, tafiyar kilomita ɗari shida ko kusa da haka, kuma sashenta mai yin man giris da kwalta an tsara shi ne a kan wani ɗanyen mai mai kauri wanda sai an sayo daga ƙasashen waje. Ko masaƙun ma, injinansu da kayan gyara da sinadarin rini duk na waje ne.

Ma'anar wannan ita ce, rayuwar kowace masana'anta a yankin ta rataya a kan abu guda wanda ba a Kaduna ake yanke hukuncinsa ba, watau kuɗin ƙasashen waje da sayar da ɗanyen mai ke kawowa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Muddin farashin mai na sama, ba wanda ya lura da gajartar zanen.

MA'AIKATA

Yanzu bari mu bar injina mu dubi mutane, domin a nan ne yankin ya yi arzikin da ya fi kowane daɗewa.

Masaƙa sana'a ce mai cin hannaye. Kowace daga cikin manyan masaƙun Kakuri tana ɗaukar dubban ma'aikata, ana aiki dare da rana, kashi uku: masu safe, masu rana, masu dare. Waɗanda suka zauna Kakuri a shekarun 1970 suna tuna yadda jiniyar canjin aiki ke tsara rayuwar unguwa, da yadda kekuna ke cika titi har mai mota ya rasa wurin bi. Ma'aikatan nan daga ko'ina suka zo: daga kudancin lardin Zazzau, da Filato, da Binuwai, da ƙasar Igala da Nufe, da ƙasar Hausa, da kudancin Nijeriya. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne masu takardar firamare, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a bakin inji da kasuwa. Bayan kowane mai albashi kuma akwai wasu da yawa masu ci a ƙarƙashinsa: mai gidan haya a Makera, mai tuwo a ƙofar masaƙa, mai gyaran keke, 'yan tireda a kasuwar Litinin ta Kakuri, da iyaye a ƙauye masu jiran saƙon ƙarshen wata.

Abu na farko da masana'antun suka bari shi ne ƙwarewa. Yaron da ya shigo bai taɓa ganin inji ba yakan zama makanike ko mai aikin lantarki ko mai walda ko mai zanen atamfa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samu wannan matsayi a 1968, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, duk sun buɗe sassan koyar da fasahar saƙa domin ciyar da masaƙun da ƙwararru.

Abu na biyu shi ne tsari. Da aka sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa a 1978, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta kafa hedkwatarta a Kaduna, ta kuma yi suna wajen zama da masu kamfani a yi ciniki a kan albashi da alawus a rubuta yarjejeniya. Adams Oshiomhole, wanda ya fara a matsayin ƙaramin ma'aikaci a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999 zuwa 2007, daga baya ya zama gwamnan Jihar Edo. Wasu suna ganin ƙungiyar ƙwadago abar korar mai jari ce. Tarihin Kakuri ya nuna cewa mai kamfani mai hankali ya fi son ya sami wakilan da zai yi magana da su su kuma cika alkawari, da ya wayi gari da fushin taron da ba shi da shugaba.

Abu na uku, wanda ba a cika lissafa shi a littafin tattalin arziki ba, shi ne zaman tare. Musulmi da Kirista suna tsaye a kan inji ɗaya, suna ƙungiya ɗaya, suna adashi tare, suna haya a gida ɗaya. Wanda ya san gobe da asuba zai karɓi aiki daga hannun maƙwabcinsa ba ya saurin ɗaukar makami a kansa.

YADDA AKA DURƘUSHE

Ruwa ba ya tsami banza. Faɗuwar masana'antun kudancin Kaduna ba a rana ɗaya ta zo ba, kuma ba dalili ɗaya ya kawo ta ba.

Auduga ce ta fara ba da alama. Farin 1972 zuwa 1974, da ƙarancin farashin da hukuma ke biya, da kwararar matasa zuwa birane a zamanin kuɗin mai, suka sa noman auduga ya ja baya, har masaƙun da aka gina domin audugar gida suka koma sayo ta daga waje. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya so, amma aikin raba ingantaccen iri da tantance daraja, wanda hukumar ke yi, sai ya rasa mai shi. Iri ya gauraye, inganci ya faɗi.

Sa'an nan farashin mai ya karye daga 1981. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, lasin shigo da kaya ya zama abin nema da kamun ƙafa, masana'antu suka rasa kayan gyara, aka fara tura ma'aikata hutun dole. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi daga kusan daidai da dala zuwa wajen naira huɗu a dala ɗaya cikin shekara guda. Duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi, albashi kuma ya daina isa sayen sabuwar mota, sai kasuwar Peugeot ta koma hannun masu shigo da tsofaffin motoci ta Kwatano.

Na uku shi ne wuta da mai. Ko da yake an gama madatsar Kainji a 1968, da ta Shiroro a kan wannan kogi na Kaduna a 1990, wutar lantarki ba ta taɓa wadatar masana'antu ba, dole kowace ta sayi janareto. Masaƙa kuma tana bukatar baƙin mai domin tukunyar tururi, kuma daga matatar Kaduna take samunsa. Da matatar ta shiga halin yau aiki gobe tsayawa a shekarun 1990, baƙin mai ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. A nan za ku ga yadda ciwon masana'anta ɗaya ke kama maƙwabciyarta.

Na huɗu shi ne rushewar katanga. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Daga baya an yi ta mayar da haramcin ana ɗagewa, amma ko lokacin da yake aiki, atamfar ƙasar Sin mai araha tana sauka a Kwatano, ta bi ta Nijar, ta shigo ta iyakar Maraɗi da Katsina ta hanyar fasa-ƙwauri, wani lokaci ma da zane da tambarin masaƙun Kaduna a jikinta. Masaƙar da ke aiki da injin shekarun 1960 da wutar janareto ba ta iya karawa da wannan.

Ba daidai ba ne kuma mu ɗora laifin duka a kan waje. A shekarun da ake cin riba a bayan katanga, ba a sabunta injina yadda ya kamata ba, ba a kuma nemi kasuwar waje da gaske ba. Kariyar da aka ba jariri domin ya yi ƙarfi sai ta zama goyon da ba a yaye ba.

KTL ta rufe a ƙarshen 2002. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi baya cikin 'yan shekaru, UNTL kuma ta tsaya a 2007, ko da yake an sake buɗe wani sashe nata a 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da gwamnati ta ware domin farfaɗo da auduga da saƙa. An sayar da kamfanin Peugeot ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi a 2012. Dubban ma'aikatan masaƙu suka fita ba tare da kuɗin sallama ba, suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Ƙwararren mai gyaran injin saƙa ya koma acaɓa ko gadi. A daidai wannan lokaci ne kuma rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002 suka sa jama'a yin ƙaura, kowa ya nemi unguwar da masu addininsa suka fi yawa, har kogin ya zama kamar iyaka a tsakiyar gari. Ba na cewa rufe masaƙu ne ya haddasa rikici, amma garin da matasansa ba su da wurin zuwa da safe, busasshiyar ciyawa ce mai jiran ashana.

SABON JARI

Daga 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara shirya taron shekara-shekara na jawo masu zuba jari, kuma an ga wasu sakamako a kudancin kogin. A Satumba 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da gidan ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Cikun, a kan hanyar Abuja. A Janairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, domin ɗan kasuwa ya yi aikin kwastan a Kaduna ba sai ya je Legas ba. A 2022 wani sabon kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, wanda Alhaji Aliko Ɗangote ke da hannu a ciki, ya fara aiki a kan hanyar Abuja. A 2020 kuma aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano.

Abin da ke jawo jari a wannan karo ya ɗan bambanta da na da. Kusanci da Abuja ya maye gurbin kusanci da ofishin Firimiya, masara da waken suya da citta kuma sun tsaya a inda auduga take. In muka auna da ma'aunin da muka yi amfani da shi ɗazu, za mu ga masana'antar abincin kaji ta fi kama da masaƙa, domin masarar da take niƙawa a gonakin Arewa ake noma ta, 'yan tsakin kuma masu kiwon gida ke saye. Harhaɗa mota kuwa tana nan da tsohuwar tambayarta: kashi nawa na motar aka ƙera a nan?

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Na ɗaya, masana'antar zamani inji take ci fiye da hannu, saboda haka jarin da a da zai ɗauki mutum dubu biyar, yanzu 'yan ɗaruruwa zai ɗauka, kuma masu takardar fasaha. Na biyu, tsofaffin cututtukan ba su warke da zuwan sabon baƙo ba. Tashar lantarki ta Kudenda mai ƙarfin megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta a 2009, ta shafe fiye da shekara goma ba ta ba masana'antu wuta ba. Satar mutane a hanyar Abuja, da harin da aka kai wa jirgin ƙasa a watan Maris 2022, sun nuna cewa tsaro ma yana cikin lissafin mai jari, kamar wuta da ruwa.

KAMMALAWA

Waiwaye adon tafiya ne. Daga wannan tarihi, ina roƙon ma'aikacin gwamnati da takardar mai jari ta iso teburinsa ya yi tambayoyi huɗu kafin ya sa hannu. Daga ina kayan da za a sarrafa za su fito, kuma wa zai taimaki manomin da zai noma su? In an janye rangwamen haraji ko naira ta sake faɗuwa, wannan masana'anta za ta iya tsayawa da ƙafarta? Mutum nawa za a ɗauka, wace sana'a za a koya musu, kuma 'yan kwangila ne na wata uku ko ma'aikata masu cikakken haƙƙi? In kuma kamfani ya rufe, ina aka ajiye kuɗin sallamar ma'aikata? Dokar fansho ta 2004, wadda ta sa a riƙa tara kuɗin kowane ma'aikaci a asusunsa na kansa a wajen kamfani, ta amsa wani ɓangare na tambayar ƙarshe, amma sai in an tilasta bin wannan tsari.

Ku kuma ɗalibai, darasinku shi ne, takardar shaida kaɗai ba ta riƙe mutum ranar da ƙofar masana'anta ta rufe. Waɗanda suka fi saurin miƙewa a Kakuri su ne masu sana'a a hannu, masu lantarki da walda da gyaran inji, waɗanda suka buɗe rumfunansu suka ɗauki yara koyo. Har ila yau, akwai dattawa a Kakuri da Makera da Nasarawa waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin a bakin injin kaɗi da na saƙa. Iliminsu ba a rubuce yake ba, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗalibin tarihi ko na tattalin arziki ko na injiniya da ke neman abin bincike, ya haye gada ya zauna da su tun suna raye.